Yadda ake lissafin matsi a darasin Fiziks, da inda ɗalibai ke tuntuɓe

Lissafin matsi na cikin darussan da ɗaliban kimiyya ke cin karo da su a babbar sakandare, kuma yana cikin manhajar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ƙa'idarsa gajera ce: a raba ƙarfin da ke danna abu da faɗin wurin da ƙarfin ya sauka. A takarda ana rubuta ta P = F/A.

Ana auna ƙarfi da niyuton, faɗin wuri kuma da murabba'in mita. Ma'aunin matsin shi ne faskal, wanda ya samo sunansa daga Blaise Pascal, masanin ƙasar Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662.

A ɗauki akwati mai nauyin kilo 30, tsawonsa santimita 60, faɗinsa 50, kaurinsa 20. Da farko sai a mayar da kilo zuwa niyuton ta hanyar ninka shi sau 10, adadin da tambayoyin jarrabawa kan bayar a matsayin jan da ƙasa ke yi wa abu. An samu niyuton 300.

Idan akwatin na kwance, gefen da ke taɓa ƙasa shi ne 0.6 sau 0.5, wato murabba'in mita 0.3, matsin kuma faskal 1,000. Idan aka tsayar da shi a kan gefen 0.5 sau 0.2, wurin ya ragu zuwa 0.1, matsin ya haura zuwa faskal 3,000, alhali nauyin bai ƙaru ba ko kaɗan. Wannan ne dalilin da ya sa mai talla ke ɗora gammo kafin ta ɗauki kaya, raƙumi kuma ke tafiya a rairayi da faffaɗan tafinsa ba tare da ya nutse ba.

Inda maki ya fi zubewa shi ne wajen sauya ma'auni. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne. Ɗalibin da ya ninka 60 sau 50 ya samu 3,000, sannan ya raba da 100, zai ƙare da faskal 10 a maimakon 1,000, duk da cewa ya haddace ƙa'idar daram. Abin da ya fi aminci shi ne a mayar da kowane gefe zuwa mita tun kafin a ninka, a kuma rubuta Pa ko N/m² a gaban amsa, domin amsar da ba ta da ma'auni kan jawo asarar maki.