Ma'aikaci Yana Da Hakkin Hutu A Dokar Ƙasa

'Yan'uwa, a ikkilisiyoyinmu da yawa akwai waɗanda ba a ganinsu a sujada, ba don sun ja da baya ba. Masu gadi ne da direbobi da ma'aikatan gidajen burodi da na gidajen mai, waɗanda ke aiki kwana bakwai cur, sau da yawa awa 12 a rana. Yawancinsu suna zaton sai sun roƙi alfarma kafin su huta. Ya kamata mu san abin da doka ta ce.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta yi bayani a sashe na 13. Duk wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a rana, dole a ba shi hutun da bai gaza awa 1 ba, ko a haɗe ko a rarrabe. A cikin kowane kwana 7 kuma, yana da ranar hutu guda ta awa 24 a jere. In aka sa shi aiki a ranar, sai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Sashe na 18 ya ƙara da cewa wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun shekara na aƙalla kwana 6, da albashinsa.

Sai dai akwai wurin da ake cutar mutane. Dokar ba ta yanke yawan awoyin aiki na rana ba, ba ta kuma faɗi nawa za a biya kan ƙarin lokaci ba. Ta bar wannan ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai ba shi aiki, ko tsakanin ƙungiyar ƙwadago da kamfani. Awar da ta wuce abin da aka shirya ita ce ƙarin lokaci. To, in ba a shirya kome ba, da me za a auna? Shi ya sa sashe na 7 ya wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata 3 ya wuce, mai nuna albashi da lokutan aiki da hutu. Wanda ba shi da wannan takarda, ya nema cikin ladabi, ya kuma riƙa rubuta lokacin shigarsa da na tashinsa. In magana ta ƙi daidaituwa, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ba a banza aka sami waɗannan hakkoki ba. A 1886 ma'aikatan birnin Shikago na Amurka suka yi yajin neman aikin awa 8, har aka rasa rayuka. Daga nan Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu ta samo asali. A ƙasarmu, gwamnatin Abubakar Rimi ta Kano ta mai da ita ranar hutu a 1980, gwamnatin tarayya ta bi a 1981.

Mu kuwa mun san wannan tun kafin dokar ƙasa. Umarnin ranar hutu a Kubawar Shari'a sura 5 bai tsaya kan maigida ba, ya haɗa da bara da baƙo har da dabbar noma. Saboda haka mu fara duba gidanmu. Mai gadin majami'a yana da ranar hutu? Malaman makarantarmu da ke tsayawa darasin yamma, ana biyansu? Yarinyar da ke taya mu aiki a gida, yaushe take zuwa sujada, in kullum ita ake bari da tukunya?

Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su sa wannan magana a zamansu na gaba, su rubuta wa kowane ma'aikacinsu lokacin aikinsa da ranar hutunsa. Ubangiji ya taimake mu.