Haƙƙin Tsohon Aboki na Jin Labarinka

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, karatunmu na yau a kan wani haƙƙi ne da ba a cika ambatonsa a wajen wa'azi ba, wato haƙƙin tsohon aboki, wanda kuka yi makarantar allo tare, kuka yi kiwo tare, sa'an nan neman abinci ya raba ku. Mu mutanen Bazaga da kewayen Ƙonni, har Malbaza da Illela, mun san wannan rabuwa sarai. Da an gama girbin hatsi, rumbu ya cika ko bai cika ba, sai gari ya yi shiru. Wani ya nufi Abijan, wani Legas, wani ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Wasu sukan komo da saukar damina, wasu kuwa sai su shekara goma ba a ga ƙeyarsu ba.

Riƙon tsohuwar abota sunna ce tabbatacciya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan yanka akuya ya aika da naman ga ƙawayen Nana Khadija, alhali ta daɗe da rasuwa. Imam Hakim kuma ya kawo labarin wata tsohuwa da ta shigo wurinsa a ɗakin Nana A'isha, ya tarbe ta da fara'a, ya riƙa tambayarta yadda suke da yadda suka kasance bayan rabuwa. Da ta fita, Nana A'isha ta yi mamakin irin wannan tarba, sai ya sanar da ita cewa matar tana zuwa musu tun zamanin Khadija, kuma kyautata tsohuwar alaƙa yana daga cikin imani. Ku lura da abin da ya yi mata: tambayar labarinta ya yi, ya saurara.

To a nan ne yawancinmu muke da rauni. Salula ta zo, WhatsApp ya zo, kullum da safe aboki yana turo maka hoton fure da addu'ar Juma'a wadda shi ma turo masa aka yi. Kana gani, kana cewa amin. Amma ka san an haifa masa ɗa? Ka san matarsa ta yi wata uku a kwance? Gaisuwa tana da lada, babu shakka, sai dai gaisuwar da ba labari a bayanta ba ta hana mutum biyu zama baƙin juna. Idan ka ce wa aboki, “Bana na shuka albasa a fadama, tsutsa ta ci rabi, ga bashin taki a kaina,” ka buɗe masa ƙofa. Zai iya yi maka addu'a a kan abin da ya sani, zai iya ba ka shawara, shi ma ya samu ƙarfin halin faɗa maka nasa.

Kada wani ya ɗauka irin wannan hira ɓata lokaci ce ga mai azumi. Jabir ɗan Samura ya faɗa, a cikin Sahihu Muslim, cewa sahabbai sukan zauna bayan sallar asuba suna tuna al'amuran da suka wuce na zamanin jahiliyya, suna dariya, Annabi (SAW) yana murmushi. Ibnu Majah ma ya ruwaito cewa da masu hijirar Habasha suka komo, ya nemi su ba shi labarin abubuwan mamakin da suka gani a can. Ashe tambayar matafiyi abin da ya gani da abin da ya same shi tana da asali.

Sai dai labarin ya zama na gaskiya, kuma a kan wannan nake so in daɗe. Yaro yana can Sabha ko Tamanrasat, su goma a ɗaki ɗaya, wata biyu ba aiki, ya ari riga ya jingina da motar wani ya ɗauki hoto ya turo wa ƴan fadarsu. Abokinsa a gida ya gani, zuciyarsa ta tashi, ya sayar da ɗan bijimin da ake noma da shi, ya kama hanya. Wa zai ɗauki alhakin abin da ya same shi a hamada? Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a arewacin Arlit a kan hanyar Aljeriya. Har yau ana sauke waɗanda aka koro daga can a bakin iyaka, su tako da ƙafa zuwa Asamaka. Wanda ya ɗanɗani wannan ya ɓoye wa abokinsa, ya nuna masa daɗi kawai, ya yaudare shi, ko da bai furta ƙarya da bakinsa ba.

Akwai kuma wanda kunya ce take rufe masa baki. Ya bar gida da alkawari, shekaru sun wuce bai tara komai ba, yana jin idan ya kira za a ce ya turo jaka biyar, shi kuwa ba shi da ita. Sai ya sauya lamba. Laifin nan rabinsa namu ne na gida, domin mun mayar da kowane kira na roƙo. Ka gwada kiran abokinka a wannan wata ka ce masa tun farko, “Wane, ba komai nake so ba, labarinka nake son ji.” Za ka ji yadda muryarsa za ta sake.

Ba kowane abu ake faɗa ba. Zunubin da Allah Ya rufa maka asirinsa a baƙon gari, ka bar shi a rufe. Hadisi ya yi kashedi mai tsanani ga mai kwana cikin suturar Ubangijinsa ya wayi gari yana tona kansa. Haka sirrin shimfiɗa tsakaninka da iyalinka. Kuma ka kula, labarin kanka yakan zame cikin sauƙi ya koma labarin wane da wance, sai hirar zumunci ta zama cin naman ɗan'uwa, ladan azumi ya zube. Abin da aboki ya faɗa maka kuwa amana ce. Saƙon muryar da ya turo yana kuka, ba naka ba ne ka kunna shi a majalisar shayi.

Wanda bai san ta inda zai fara ba, ga Abdullahi ɗan Umar. Ya gamu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne. A garin nan akwai tsofaffin da suka yi tafiyar biɗa tare da iyayenmu tun ana zuwa Kumasi a bayan babbar mota. Bayan sallar asham ka je ka gaishe da ɗaya daga cikinsu, ka zauna a gefen tabarmarsa, ka ce, “Baba, yaya kuka yi da mahaifina a wancan zamani?” Sa'an nan ka nemi lambar ɗansa da ke Abijan, wanda kuka yi allo tare, ka kira shi kafin dare ya raba.