In gado ya ƙetare iyaka: wane alƙali, wace doka?

Kowace shekara, da an gama tsabar hatsi, samari da magidanta na Ibohamane da sauran garuruwan Keita, Buza da Madawa sukan kama hanyar biɗa. Wasu Najeriya, wasu Kodebuwa, wasu Libiya. Akwai masu komowa da faɗuwar ruwa, akwai masu zama can shekara da shekaru, su yi aure, su gina gida. Muddin akwai lafiya, ba a jin komi. Ranar da mutuwa ta zo ko rigima ta tashi, sai tambaya ta taso: wa zai yi shari'ar?

Ga misali. Wani mutumin Ibohamane ya rasu a Abijan. Ya bar gona da uwargida a gida. Ya bar gida da amarya a can, wadda aka ɗaura musu aure a masallacin unguwa, ba takarda. Kowane ɗaki da ƴaƴa. Yaya za a raba?

Irin wannan matsala tana da ilminta daban, wanda ɗaliban shari'a ke karantawa a jami'a, kamar ta Abdu Mumuni a Yamai. Shi ne ilmin shari'ar da ke shiga tsakanin mutane in al'amarinsu ya taɓa ƙasa biyu ko fiye. Tambayoyinsa uku ne.

Ta farko: wane alƙali? Ga al'ada, mai ƙara ke bin wanda yake ƙara zuwa inda yake zaune. Amma rigimar gona ko gida, alƙalin wurin da abin yake shi ke ji. Gonar Ibohamane, hakimi da sarki su fara gwada sulhu, in ya faskara a tafi wajen alƙali a Keita. Gidan Abijan kuwa sai alƙalin Abijan.

Ta biyu: wace doka? A Nijar, tun dokar 16 ga Maris 1962, alƙali yana bin al'adar masu shari'a a kan aure, saki da gado. Dokokin 2004 da 2018 da suka biyo baya ba su kau da wannan ba. In al'adu biyu suka yi karo a kan gado, ta mamaci ake bi. A Adar, rabon Musulunci ke nan: namiji kashi biyu, mace ɗaya, matan mamaci su raba tumuni in akwai ƴaƴa.

A Kodebuwa ba haka ba ne. Tun 1964 dokarsu ba ta san aure ba sai wanda aka ɗaura gaban ma'aikacin gwamnati, kuma da mace ɗaya. Ɗa da ɗiya rabonsu daidai ne. Gida kuwa dokar ƙasar da yake cikinta yake bi. Ashe dukiyar mutum ɗaya tana iya rabuwa iri biyu. Amaryar nan, da ba ta da takarda, a Keita matar mamaci ce in shaidu sun tsaya mata. A Abijan doka ba ta san aurenta ba. Masu sayen gona a can su kuma sani: dokarsu ta 1998 ta keɓe mallakar ƙasar noma ga ƴan ƙasa kawai.

Ta uku: hukuncin da aka yanke nan, yana aiki can? Ba kai tsaye ba. Sai an kai shi gaban alƙalin waccan ƙasa, ya duba ko an kira kowa, ko an bi ƙa'ida, kana ya ba da izinin zartarwa. Don sauƙaƙa wannan ne Nijar, Kodebuwa da wasu ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Tananarib ran 12 ga Satumba 1961.

Ƴan kasuwa su ma suna da nasu. A 1993 aka kafa ƙungiyar OHADA, wadda ta haɗa ƙasashe 17 a kan dokokin ciniki iri ɗaya, da babbar kotu a Abijan. Najeriya ba ta ciki. Mai ba da albasa ko bisashe bashi a Illela ko Sakkwato, in aka cinye masa, can zai bi hakkinsa, a kan dokar can.

Shaidun gari ba sa iya bin kowace shari'a zuwa Abijan. Takarda ita ke ƙetare iyaka. Saboda haka mai shirin tafiya ya yi wa aurensa da ƴaƴansa takarda a ma'aikatar magajin gari. In ya isa, ya rubuta sunansa a ofishin jakadancin Nijar. In ya sayi fili ko ya ba da bashi, a rubuta gaban shaidu. Ya kuma shaida wa iyalinsa abin da ya mallaka da inda takardun suke.

Rigakafi ya fi magani. Wahalar yini ɗaya ce ga mai tafiya, amma tana iya hutar da marayu shari'ar shekaru.