Zakami da Abin da Ido Ke Gani

Ku iyaye na Figil, kun san zakami, mai farin fure da ƙwallo mai ƙaya, wanda ake kira haukata-yaro. Samari kan zuba 'ya'yansa a shayi, wai su ga wata duniya. Wanda ya sha yakan yi hira da mutanen da ba sa nan, kuma a wurinsa zahiri ne. Ba aljanu ba ne, dafi ne ya rikita ƙwaƙwalwa.

In kun ga bakinsa ya bushe, jiki zafi ba gumi, baƙin ido ya buɗe, fitsari ya ƙi fita, kada ku ɗura masa madara. Ku kawo shi asibiti maza, tare da ragowar abin da ya sha, gama zakami yana kisa.