3.2 Koyar da Zanen Bin Gefe

A wannan sashe za a yi bayanin zanen bin gefe da matakan koyar da shi ga ɗaliban zane-zane. Abin da ake nufi da zanen bin gefe shi ne fito da siffar abu da layi kawai, ba tare da sanya inuwa ba. Layin yakan bi iyakar abu ta waje, ya kuma shiga ciki ya bi duk wata lanƙwasa ko tattara, kamar ta tafin hannu ko ta riga.

Malamin da ya fi yin fice a wannan fage shi ne Kimon Nicolaides, wanda ya koyar a birnin Niyok na Amurka. An buga littafinsa, The Natural Way to Draw, a 1941, shekara uku bayan rasuwarsa. A ra'ayinsa, ɗalibi ya ɗauka cewa bakin fensirinsa yana taɓa jikin abin da yake kallo. Wato ke nan ido da hannu su yi tafiya tare sannu a hankali, kada ɗaya ya riga ɗaya.

3.2.1 Matakan Koyarwa

Mataki na farko shi ne zane ba tare da duban takarda ba. Ana manne takarda a kan tebur, ɗalibi ya kafa ido a kan abin da aka ajiye masa, misali tulu ko ganye ko hannunsa, ya yi ta jan layi ba gogewa. Zanen yakan fito a karkace, don haka wajibi ne malami ya sanar da ɗalibai tun farko cewa horar da ido ake nufi. Idan bai yi haka ba, da yawansu sukan karaya, su koma satar kallon takarda.

A mataki na biyu ana barin ɗalibi ya riƙa leƙa takarda jefi-jefi domin daidaita girma da tazara, amma ya tsayar da fensir yayin leƙen. A na uku kuwa, layuka sukan ratsa jikin abu kamar zobban da ke kewaye tulu, domin nuna tudu da kwari.

3.2.2 Dalilin Wannan Horo

Betty Edwards, a littafinta na 1979, Drawing on the Right Side of the Brain, ta nuna cewa mai koyo yakan zana alamar da ya haddace tun ƙuruciya a maimakon abin da ke gabansa. Duk idon da ya zana sai ya fito iri ɗaya. Rage sauri da hana duban takarda su ne ke raba shi da wannan ɗabi'a. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun ce ta zurfafa wajen raba aikin ɓangaren dama da na hagu, amma wannan bai hana malamai ci gaba da amfani da darussanta ba.

Saboda haka, a wajen ba da maki, abin da ya kamata malami ya duba shi ne yadda ɗalibi ya lura da kowace lanƙwasa, kafin a zo maganar kamanni.