Kafin a Kira Wanzami, a Haska Maƙogwaron Yaron

Hazo ya sauko, ƙura ta cika gari, kusan kowane gida yanzu akwai mai haɗiyar yawu da ƙyar. Iyaye mata, da ku nake musamman, domin ku ne kuke fara jin "Umma, wuyana yana ciwo."

Yawancin ciwon maƙogwaron hunturu na mura ne, kuma cikin mako guda yakan tafi da kansa. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure maƙogwaro a tofar. A sha shayin citta da lemun tsami da zuma, a yawaita ruwa da kunu mai ɗumi, a rufe hanci in za a shiga ƙura. In zafi ya matsa, ga farasitamol. Ba ni da ja da wannan, haka muka tashi muka gani. Sai dai jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ɗiga masa zuma ko kaɗan, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Asfirin kuma ba na yara ba ne.

Amma kafin a ɗora tukunyar citta, a kunna fitilar waya, a sa yaro ya buɗe baki ya ce "aaa", a duba can ciki. Idan aka ga wata fata mai launin toka ta manne a maƙogwaro kamar yanar kunu, wuya ya kumbura, murya ta dushe, numfashi yana fita da ƙara, to a ajiye kofi a nemi abin hawa. Alamun mashaƙo ke nan. Tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi ɗanɗana kuɗarta, a 2023 kuma ta addabi yankin Damagaram. Mafi yawan waɗanda ta kwantar yara ne da ba a yi musu rigakafi ba. Fatar nan tana iya toshe hanyar iska, dafin ƙwayar kuma yana bin jini ya taɓa zuciya. Maganin karya dafin a asibiti kawai yake, kuma da wuri yake aiki. Tari da atishawa ne ke yaɗa ta, don haka a raba mara lafiya da ƙannensa, a ware masa kofinsa da cokalinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ce "beli ne ya sauko" a aika a kira wanzami. Beli halitta ne, kowa da nasa, kumburin da aka gani ciwon ne ya jawo shi. A sa ƙarfe a maƙogwaron da ya riga ya ƙwaɓe? Jini zai iya ɓallewa, yaro ya kasa ci da sha, ga ƙarfen da ya shiga bakin wani ɗazu yana iya ɗauke da ciwon hanta. In kuwa mashaƙo ne, an ɓata kwanakin da ake da su.

Akwai kuma wani mai shigowa a ɓoye. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15, zazzaɓi mai zafi, kaluluwa a wuya, farin ruɓa a gefen maƙogwaro, amma babu tari babu majina. Wannan sai an kai shi an duba, domin in ƙwayar bakteriya ce, maganin kwana 10 cur ake sha. A sayo ƙwaya huɗu a kemis, a daina da zarar ya fara cin tuwo, shi ne gangancin. Bayan mako biyu ko uku gaɓoɓi na iya kumbura, ciwon ya koma ya lalata ƙofofin zuciya, a wayi gari ana jinyar saurayi mai haki in ya taka kaɗan.

Babba ko yaro, wanda ya kasa haɗiye yawunsa har yana dalala, ko ya kasa buɗe baki, ko ciwon ya wuce mako, asibiti ya nufa, ko da tsakar dare ne.

Yau ɗin nan a ciro katin rigakafin yara daga ƙasan akwati. Allurar Penta, mai kare yaro daga mashaƙo, sau uku ce: a mako na 6, da na 10, da na 14. In akwai gurbin da ba a cike ba, a kai yaron asibitin sha-ka-tafi na unguwa gobe da safe, kyauta ake yi.