Zanen Bikin Sarauta a Zamanin Rokoko: Auren Yarima Josef da Gimbiya Isabela

Rokoko suna ne na wani salon zane da adon gini wanda ya samo asali daga Faransa a farkon ƙarni na 18, sannan ya bazu zuwa fadojin Jamus da Ostiriya. Ana gane shi ta hanyar launuka masu taushi da ruwan zinari da yawan ƙawa. Akasarin masu sa a yi irin wannan aiki sarakuna ne da attajirai, don haka mai zane yakan zana abin da uban gidansa ke son a gani.

Kyakkyawan misali shi ne jerin zane-zanen da Matin fan Maitens, mai zanen fadar Biyana, ya yi tare da almajiransa game da auren Yarima Josef, ɗan Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, da Gimbiya Isabela ta Farma, jikar Sarki Luwis na 15 na Faransa. An ɗaura auren a watan Oktoba na shekarar 1760. Zane-zanen, waɗanda ke rataye a fadar Shonburun, sun nuna shigowar amarya birni cikin jerin gwanon kekunan doki fiye da 90, da ɗaurin aure a coci, da walima, da daren kaɗe-kaɗe.

Sai dai a lura da lokacin da aka yi bikin. Ostiriya na tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai (1756–1763), wanda ya lashe dukiya mai yawa. Auren kansa na siyasa ne, domin ƙarfafa ƙawance da Faransa. Ke nan, wannan almubazzaranci saƙo ne ga abokai da maƙiya cewa gidan sarautar bai durƙushe ba. Ba a ga ko alamar yaƙi a zanen.

Wani abin ban mamaki kuma, a zanen daren kaɗe-kaɗe akwai wani yaro cikin 'yan kallo da ake cewa Mozat ne, shahararren mai tsara kiɗa. Alhali a 1760 shekararsa huɗu kacal, yana garinsu Salzbag. Sai a 1762 ya zo Biyana ya burge fada, kuma da yake aikin zanen ya ɗauki shekaru, aka cusa shi cikin taron da bai halarta ba.

Saboda haka, idan malami ya kawo irin wannan hoto aji domin darasin siffantawa, kada ya tsaya ga tambayar "me kuka gani?" Ya ƙara da: wa ya biya kuɗin aikin, yaushe aka gama shi, me aka bari a waje? Isabela dai ta rasu da cutar agana a 1763, tana da shekara 21, shekara uku bayan bikin.